Hannun Inna Hansai

"Wallahi ka sake duba agogon nan, shigewa gida zan yi!"

Maliki ya yi dariya, ya ja hannun rigarsa ya rufe agogon. Yana jingine da kekensa a ƙofar gidanmu da ke Abakpa, ni kuma ina kan dakali na ja mayafi, wai ni a dole mai kunya.

"Haba Turai, magariba nake dubawa."

"Magariba a sama ake dubanta, Malam Akawu. Kai dai so kake unguwa ta san ka yi sabon agogo."

"Wannan baki naki..."

"Shi ya kawo ka ai."

"Shi ya kawo ni, sahibata, shi kuma yake hana ni tafiya."

Gaskiya ya faɗa. Ni ba fara ba ce, ba doguwa ba, abin da Allah ya ba ni baki ne. A wannan shekarar ta 1957 ina da shekara goma sha takwas, kuma babu gidan biki ko suna da zan shiga mata ba su riƙe ciki don dariya ba. Shi kuwa Maliki tafireta yake bugawa a ofishin gwamnati, mutum ne mai auna magana kamar mai sa gishiri a miya. Yadda aka yi muka so juna, Allah kaɗai ya sani, amma ina sonsa son da har abinci yake hana ni ci.

Ya rage murya. "Na ji Baffanki Datti ya fara zagaya unguwarmu, Hayin Banki, yana tambaya a kanmu."

"Ya tambaya mana! Me zai samo? Sai dai a ce masa yaron shiru-shiru ne kamar an aiko shi."

Kaduna garin baƙi ne. Mu daga Zazzau Baba ya taso da keken ɗinkinsa, su Maliki daga ƙasar Katsina suka zo shi da mahaifiyarsa bayan rasuwar ubansa. Ba wanda ya san kakan wani. Saboda haka in za a yi aure, mai bincike ba shi da abin riƙewa sai abin da mutane suka faɗa masa.

"Inna ta ce a gaishe ki," in ji shi yana gyara keken zai hau. "Ta ce ta ƙagu ta samu mai ba ta dariya a gida."

Na rufe fuska ina murmushi. Wallahi a lokacin ko tunawa ban yi da abin da na aikata ba.

Mako uku kafin nan aka yi suna a unguwarmu, a can na fara ganin Inna Hansai, mahaifiyar Maliki. Dattijuwa ce mai fara'a, sana'arta dama fura a ƙofar gida. Abu ɗaya na lura da shi: hannunta na dama a naɗe yake da farin ƙyalle, har aka tashi ba ta kwance ba.

Washegari na je kitso gidan Indo. Duk ranar Alhamis tsakar gidan nan cika yake da mata, kuma ina shiga suka taso ni.

"Amarya, an ce jiya kin ga surukarki!"

Kunya ta kama ni, ni kuwa in na ji kunya bakina ne yake gudu. Na naɗe hannuna da gefen zane, na lanƙwashe shi a ƙirji, na taka irin tafiyarta.

"Rabinta na gani! Hannun dama yana cikin tsumma kamar jariri ranar suna. Wa ya sani... ko ciwon nan ne da ba a son kiran sunansa!"

Gida ya ɗauki shewa. Indo ta ce, "A'uzubillahi, Turai, Allah ya shirye ki!" amma ita ma tana share hawayen dariya. Kafin a gama mini kitson na manta da zancen.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baffa Datti ya zo da sakamakon bincikensa. Na kai musu ruwa zaure, na laɓe a bayan ƙofa.

"Yaya, yaron ba shi da aibu," in ji Baffa. "Limamin unguwa ma ya yabe shi. Matsalar uwar ce."

"Me ya same ta?"

"Mutum uku suka faɗa mini kuturta ce take ɓoyewa. Yanzu haka an daina sayen furarta."

Baba ya yi salati. "Daga ina maganar ta fito?"

"An ce daga nan Abakpa, daga bakin wanda ya san gidan ciki da waje."

Baba ya ce, "To, a dakata tukuna. A faɗa wa yaron ya ɗan ɗauke ƙafa."

Na zauna a nan ƙasa. Maganata ce. Ta bar gidan Indo tana wasa, ta bi famfo ta bi kasuwa, ta haye har Hayin Banki, ta dawo gidanmu da rawani a ka.

Kwana uku ban ci abin kirki ba. Iya ta zaci baƙin cikin dakatar da auren ne, tana ta lallashina. Shaiɗan kuwa yana raɗa mini cewa in yi shiru, mata nawa ne a gidan kitso, wa zai ce ni ce? In na yi shiru wataƙila gaskiya ta fito da kanta, in auri Maliki bai taɓa sani ba. In na faɗa kuwa, wane namiji ne zai auri wadda ta tozarta uwarsa?

Ranar Litinin da la'asar sai ga shi ya zo. Bai jingina keken ba, bai kuma yi murmushi ba. Idanunsa sun faɗa.

"Sallama na zo yi miki, an ce in ɗauke ƙafa."

"Maliki..."

"Ni ba ta kaina nake ba, Turai. Inna ce. Kullum sai ta dama fura ta zauna a ƙofa, har ta yi tsami ba mai zuwa. Maƙwabciyarmu da suka shekara shida suna cin tuwo kwano ɗaya, yanzu ta ware mata kwano. Jiya na tarar da ita tana kuka, tana ganina ta ce hayaƙi ne."

Na sunkuyar da kai.

"Ban san wanda ya fara maganar nan ba," ya ci gaba. "Ban kuma neme shi ba. Na bar shi da Allah."

"Kar ka bar shi da Allah!" Ban san lokacin da na faɗa ba.

Ya dube ni da mamaki.

"Ni ce, Maliki... ni ce na faɗa. A gidan kitso. Wallahi wasa nake yi!"

"Ke?"

"Ni..."

"Wasa," ya maimaita a hankali.

"Ka zage ni! Don Allah ka ce wani abu!"

Leɓensa ya motsa, na ga ya cije shi.

"Akwai magana a bakina yanzu, Turai. In na bari ta fito, har mu mutu ba za ki manta da ita ba. Gara in tafi da abata."

Bai hau keken ba, turawa ya yi har ya sha kwana. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na tarar da Baba a kan keken ɗinki yana haɗa wuyan riga. Na durƙusa na faɗa masa komai ina kuka. Iya ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya kamar an dasa ta.

Baba bai ɗaga murya ba, dama ba halinsa ba ne.

"Kin taɓa ganin hannun a buɗe?"

"A'a, Baba."

"To kin ga, in abin da kika faɗa gaskiya ne, kin ci namanta. In ƙarya ne, kin haɗa da ƙage. Ko ta ina kika bi babu mafita. Sau nawa nake gaya miki, wanda ya yi imani ya faɗi alheri ko ya yi shiru? Magana zarar bunu ce, Turai."

"Na tuba, Baba. Zan yi istigfari, zan yi azumi..."

"Ki yi. Amma wannan hakkin mutum ne, Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Gobe za ki je ki same ta."

Iya ta dafe ƙirji. "Malam! Budurwa ta taka gidan surukai tun ba a ɗaura ba? Ta buɗe baki a gaban uwar miji? Me duniya za ta ce?"

"Abin da duniya ta ce ne ya kawo mu nan," in ji Baba. "Ta iya tozarta matar a bainar jama'a, sai yanzu za a tuna da kunya? Kaltume ta raka ta."

Da hantsi muka kama hanya ni da Gwaggo Kaltume, ƙanwar Baba. Tun daga Abakpa har Hayin Banki a ƙasa, ba ta ce mini uffan ba sai tsaki. Ni da ake cewa ko a barci ina surutu, ranar ko tari ban yi ba.

Mun samu Inna Hansai a ƙofar gida, ƙwaryar fura a gabanta an rufe da faifai, babu kowa a wajen. Tana ganinmu ta miƙe da fara'a.

"Maraba, maraba! Ku taho ciki. Zamna nan, ɗiyata."

Ɗiyata! Ashe Maliki bai faɗa mata ba. Ko ga uwarsa bai kai sunana ba.

Ban hau tabarmar ba. Na zube a gabanta na kama ƙafarta.

"Inna, ni ce na ɓata miki suna. Ni na fara maganar hannunki, don kawai mata su yi dariya. Ki yi mini duk abin da kika ga dama."

Ta zauna a hankali.

"Ke ce?"

"Ni ce, Inna."

"Mi na yi maki?"

"Ba komai... wallahi ba komai."

Sai ta fara warware ƙyallen. Gwaggo ta ce, "Haba Yaya, ba sai kin..." ta ɗaga mata hannu. Fatar ta tattare tun daga wuyan hannu, fari-fari da baƙi, ƙananan yatsu biyu sun manne da juna. Ko yaro ya gani ya san tabon wuta ne.

"Yaron nan nawa yana wata bakwai," in ji ta. "Ina daka a waje, wuta ta kama jinkar ɗaki, shi yana ciki yana kwana. Na shiga na iske itacen rufi ya faɗo yana ci, saura kaɗan ya kai gare shi. Da wannan na riƙe itacen, da wancan na jawo shi."

Na kifa kaina a ƙasa ina gunji.

"Ba kunyar hannun nake ji ba. Shi ne tun yana ƙarami in ya gani sai ya kasa cin abinci, yana cewa saboda shi ne. Don haka na riƙa rufewa, har na saba." Ta ɗago haɓata. "Kuma ɗiyata, ko da ciwon ne, wa ya roƙi Allah ya ɗora mai? Masu shi ba mutane ba ne? Abin dariya ne?"

"A'a, Inna."

"Ba zan ɓoye maki ba, na ji zafi. Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar ubansa." Ta goge idonta da gefen mayafi. "Amma kin taho da ƙafarki, kin faɗa da bakinki, ba wanda ya kama ki. Na yafe maki duniya da lahira. Tashi, kar ki sa mani ciwon kai."

Da wannan hannun ta share mini hawaye. Yana da taushi, yana ƙanshin gero da citta.

"Inna, ina roƙon abu ɗaya," na ce. "Ranar Alhamis ki zo gidan Indo da furarki. Inda na ɓata, can zan gyara."

Ta zo kuwa. Gidan a cike, har da waɗanda ba kitso ya kawo su ba. Da ta shigo da ƙwaryarta sai wasu suka janye zannuwansu.

Na miƙe tsaye. Tunda nake ban taɓa jin nauyin magana a gaban mata ba sai ranar.

"Ku saurare ni. A nan na tsaya na yi wa baiwar Allah nan ƙage, kuka yi dariya. Ƙarya na yi! Ban taɓa ganin hannunta ba a lokacin. Wuta ce ta ƙone ta garin ceton ɗanta. Duk wadda ta kai waccan maganar wani gida, don girman Allah ta kai wannan ma."

Na juya na durƙusa. "Inna, dama mini."

Ta kwance ƙyallen a gaban kowa, ta wanke hannu, ta murmushe furar da yatsunta, ta zuba nono ta dama. Na karɓa da hannu biyu na sha har sai da na ga gindin ƙwaryar.

Indo ce ta fara sakin kan da take kitsawa. "Ni ma na yi dariya ranar, Inna, ki yafe mini. A dama mini ta kwabo."

Kafin azahar fura ta ƙare. Amma kada in yi muku ƙarya, ba duka aka gyara ba. Waccan maganar da gudu ta tafi, wannan kuwa da rarrafe. Akwai waɗanda har Inna ta bar sana'ar ba su sake sayen furarta ba, kuma duk ranar da na tuna sai na ji abin ya tokare ni.

Baffa Datti ya je da kansa ya ba ta haƙuri, aka sa rana bayan Babbar Salla. Maliki ya dawo zance, amma ba Malikin da na sani ba. Zai gaishe ni da ladabi, ya tambayi Baba da Iya, ya ce ya yafe, ya tafi. Ni ma na koyi haɗiye magana, in ta zo bakina sai in tambayi kaina ko zan iya faɗinta a gaban mai ita. Sai zancenmu ya koma kamar zaman makoki. Tsorona ɗaya, kada ya zama umarnin uwarsa kawai yake bi, zuciyarsa ta riga ta bar ni.

Aka ɗaura aure, aka kai ni Hayin Banki. Ina zaune a bakin gado a lulluɓe, ƙawayena sun kewaye ni, sai ango ya shigo da abokansa sayen baki. Al'ada ce amarya ba ta cewa komai sai an saya.

Suka ajiye goro da alewa da kwalbar turare a faifai.

"Ku ƙaro!" in ji wata ƙawata. "Bakin Turai fa ake ciniki, duk Abakpa babu irinsa!"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa hawaye ne ya zubo mini a cikin mayafi, don na san abin da bakin ya jawo.

Aka ƙara, aka daidaita. "To amarya, an saya. A yi wa ango magana!"

Suka yi ta tsokana, wannan ya ce in ce sannu, wancan ya ce in kira sunansa. Ni abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai tun da rana, don na hango Inna tana ta hidimar baƙi ba ta zauna ba.

Na ce a hankali, "Inna ta ci abinci?"

Ashe tana tsakar gida kusa da taga tana tattara kwanuka.

"Na ci, ɗiyata!" ta ɗaga murya. "Ke ce ba ki sa komi a cikinki ba tun safe!"

Abokan ango suka fashe da dariya, ƙawayena suka rangaɗa guɗa, aka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Maliki bai yi dariya ba. Da ɗakin ya rage mu biyu, ya matso ya durƙusa a gabana, ya ɗaga mayafin. Idanunsa sun yi ja.

"Turai, ni ma ina da laifin da zan faɗa."

"Kai kuma?"

"Wata biyu ina ce miki na yafe. Da baki nake faɗa, zuciyata ba ta bi ba. Ina ta roƙon Allah ya sa ta bi..." Ya kama hannuwana duka biyu. "Yanzu ta bi, masoyiyata. Wallahi yanzu ta bi."

Kuka ya ƙwace mini. "Na zaci ka daina sona..."

"Da na daina, da abin bai yi mini ciwo haka ba."

"Na yi alkawari, Maliki, zan kame bakina. Ko magana ba zan riƙa..."

"A'a, ban ce ba!" Ya yi saurin girgiza kai, yana dariya yana hawaye. "Shirun nan naki ya kusa kashe ni. Naman mutane kawai za ki bari, sauran duka nawa ne, ai yanzu na saya."

Na yi dariya cikin kuka, na rasa ta inda zan fara.

Ya gyara zama a kan tabarma, ya tallafe haɓa.

"Yi magana, Turai. Ina jin ki."